Gwangwanin Kaka

A Mai Wurno, bakin Nilu, kafin assalatu,
Kaka Ɗantani ya ɗaure kwalekwale.
"Ramlatu, hannu tukuna, sannan baki.
Bakin da aka kurkure da asuba
sai ya ji kunyar ƙarya da hantsi."

Na ce, wa ya haƙa kogin nan?
"Ɗaya ne. Bai nemi gayya ba."

Ran awon dawa ya ware buhu na goma.
"Wannan na wata gwauruwa ne,
ajiya aka ba rumbunmu."

Da azumi na gan shi tsakar ruwa,
kogi har ƙugu, leɓe a tsage.
Na ce, kurɓa mana, wa zai gani?
Ya yi dariya: "Shi ya sa."

Ubansa ya baro Sakkwato a ƙafa, za shi Makka,
guzuri ya ƙare a nan.
Kaka ya tara kuɗin kifi a gwangwanin madara
shekara talatin.
Kira ya zo masa, amma ba na Arfa ba.

Gwangwanin na wurina.
Jiya na ƙara masa kaɗan.