Dutsen da Ya Ƙone

Ni ce mai shara a hagunki, Ardith Solvason,
shekara goma sha ɗaya ina goge ƙanƙara gaban dutsenki.
Yau da suke yanka kek a zauren jami'a,
suna jero kwamitocin da kika shugabanta,
bari ni ma in faɗi nawa.

Ƙauyenmu a Manitoba: rumbun alkama, coci guda,
sai rumfar wasan kalin mai rufin kwano
inda numfashi kan zama hayaƙi.
Babanki na yayyafa wa filin ruwa tun asuba,
ɗigon ya daskare kamar tsikar jiki,
ke kuwa kina tura dutsen kilo ashirin
tun ba ki ninka nauyinsa ba.

Wasan ƙarshe, Winnipeg, dare ya yi nisa.
Dutsen Gudrun na rarrafe zuwa tsakiyar da'ira,
kika fito taya mu shara,
bakin tsintsiyarki ya shafe shi, shafar ƙuda.
Ba wanda ya gani. Ni da ke kusa ban gani ba.
Kika ɗaga hannu: "Ya ƙone."
Aka janye shi gefe, kofi ya bi wasu gida.
Awa uku a mota ban ce miki uffan ba.
In gaskiya ake so, har yau ban gama hucewa ba,
ko da yake mun ɗauko kofin sau biyu bayan haka.

Gwiwa ta ci amanarki, sai ofis.
Magatakarda! Muka yi dariya har da hawaye:
wadda ke kwarara ihu ya tsallake fili
yanzu tana raɗa a taron kasafin kuɗi,
kofin shayin takarda na hucewa a gefenta.
Na tambaye ki ko ba ki kewa.
Kika ce ɗalibi ma in ya bar hannu ya tafi ke nan,
iyakarki ki share gabansa, ki yi shiru.
Na ce wannan zancen bango ne, na kalanda.
Kika ce to, ba ni biredin can.

Sai shekarar da takardar tallafin Elwood Spence,
yaron da jirgi ya kawo daga can arewa,
ta kwana wata biyu ƙarƙashin fayil a teburinki.
Ga akawu sabuwar ɗauka, da za a iya jingina mata.
Kika miƙe gaban majalisar jami'a, kika ɗaga hannu.
Kujerar mataimakiyar shugaba ta bi wani gida.

Elwood na nan a layin baya, likitan haƙori ne yanzu,
bai san komai ba, yana ta cin kek.

Gobe Talata, ƙarfe bakwai, rukunin tsofaffi.
Ki zo da sandar turawa, tunda durƙuso ya gagara.
Zan yi miki shara.
Amma ki riƙe tsintsiyar nan taki nesa da dutsena.