Mai Sulhun Ruwa da Mai

Ɓera na goma sha bakwai ya fi jiya nauyi.
Na ɗora shi a sikeli, ya baje kamar mai shago bayan azahar,
na rubuta lambar a littafin da lema ta cinye wa bango.
Ni ne Barau, mai wankin keji a Samaru.
Digiri ba ni da shi, makullin ɗakin dai yana aljihuna.

Keji biyu ne a layina.
Na hagu, ruwa zalla suke sha.
Na dama, Dakta Kuluwa kan barbaɗa musu farin gari a kwalba,
ta girgiza har ya ɓace, kamar ba a yi ba.
Na tambayi sunansa, ta jero mini abu mai tsawon layin dogo.
Da ta ga na yi zuru, sai ta ce:
"Ruwa da mai ba sa ga maciji, ka sani.
Wannan shi ne dattijon da ke zaunar da su tabarma ɗaya.
Shi ya sa burodi ke kwana uku da laushinsa."

Ni kuwa ina ganin girman masu sulhu.

Mako tara, na dama suka aje tumbi.
Ci suke yi kamar an ce gobe babu.
Ni da ke kwashe kashinsu, na riga takarda sani.

Ranar Laraba ta ce in leƙa madubin bincike.
Ashe bangon hanji na da yauƙi, irin na kuɓewa,
danga ce tsakanin nama da ƙwayoyin da ke haya a ciki.
A na hagu dangar tsaye take.
A na dama ta sirance,
'yan haya sun matso har bakin ƙofar mai gida.
Na ce, wato dattijon bai san inda sulhu ke tsayawa ba?
Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wani abu.

"Kada ka kai wannan kasuwa, Barau.
Ɓera ba mutum ba ne,
kuma garin iri-iri ne, ba duka halinsu ɗaya ba.
Tambaya muka samo, amsa tana gaba."

Da yamma a Kwangila, Yalwa ta ja mini riga:
mai askirim na danna ƙahon kekensa.
Na juya robar, na kanne ido ɗaya.
Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan tururuwa,
harafi da lamba, harafi da lamba,
ban san ko dattijon namu na cikinsu ba.
Shekararta shida. Ta haddace karatunta yau.

Na saya. Ƙaramar.
Na ce ta ɗanɗana mini, na shanye rabi,
ta ce Baba ya cika kwaɗayi.

A Hunƙuyi, miyar Inna in ta huce
mai yakan taso sama, ya ware gefe guda.
Ba ta kiran kowa sulhu,
maburgi take ɗauka.

Da safe na buɗe ɗaki, na kunna fitila.
Na goma sha bakwai ya miƙe, ya kama bakin kwalba da hannu biyu,
yana sha, yana kallona.
Hannun nan nasa, yatsu ne da shi.