Masu Taɓa Ƙofa

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci a Agege.
Janaretan maƙwabci ya yi tari, ya mutu.
Ina zaune kan lissafin kwandunan tattasai,
dillalai bakwai, bashin wata uku,
sai jan rubutu ya faɗo a kusurwar allo:
an laluba ƙofofinki, an tare.

Gabana ya yanke.
Wane ne? Ya san sunana?
Ya ga nawa Alhaji Namadi ke bin Iya Sikira?
Bai bar komai ba sai lambobi kashi huɗu, ɗigo a tsakani,
kamar sawun kaza a ɗanyen siminti.

Da safe na hau danfo zuwa Ikeja,
jakar a ƙirjina kamar jinjiri mai zazzaɓi.
Morufu, mai gyara a ƙarƙashin matakala,
ya zare sukundireba daga bakinsa, ya yi dariya.
Ya ce, Hajiya, injin nan gida ne
mai ƙofa dubu sittin da biyar da ɗoriya.
Akwai na'urorin da ba sa barci,
suna bin duniya layi-layi, suna murɗa mariƙi.
Ba ke suke nema ba,
wanda ya manta sakata suke nema.
Lambar ma, ƙila ta wata baiwar Allah ce
da aka hau injinta tana sharar barci.
Kar ki bi sawu. Ihun da kika ji, na ƙofa rufe ne.

Ya jera min masu gadi uku.
Na farko mai kururuwa, ko ƙuda ya gifta sai ja da ƙara.
Na biyu kyauta, amma ta taga yake shigo da 'yan talla.
Na uku ba shi da ado,
yana rubutawa, ya yi shiru,
sai wani na ciki ya nufi waje yake ɗaga kai.

Nan na tuna Baba Sallau.
Shekara ashirin da shida a bakin sito a Apapa,
tocila, buta, rediyo mai ɗaurin roba,
da littafin shiga da fita da gumi ya cinye bangonsa.
Mahaukata sun jijjiga get ɗinsa, mashaya sun jingina,
yara sun buga sun gudu.
Bai taɓa busa usur don su ba.
Yakan ce, karen da ke haushin kowane ganye,
ranar ɓarawo ba mai tashi.
Yakan ce, shigowa kowa na kallo, Larai,
ni fita nake kallo.
Buhun da ya ɓata a sito
bai taɓa haura katanga ba,
ta ƙofa yake fita, cikin tamfol, da sallama.

Na ce, Morufu, ba ni na ukun.
Ya ce zai dame ki da tambaya sati guda.
Na ce ubana ma haka yake.

Yau kwana tara.
Ruwa na dukan kwano, kwata ta cika har bakin shago.
Na buɗe littafin sabon maigadi:
arba'in da ɗaya sun taɓa tun magariba,
ƙofa ta ashirin da uku ta fi shan hannu,
ba wadda ta motsa.
Sai can ƙasa, tambaya guda:
'yar manhajar gyaran hoto
da ɗan yayata ya zuba min ranar suna
tana son magana da wani a waje, ƙarfe uku na dare.
Me hoto zai faɗa wa baƙo a wannan lokaci?

Na danna a'a.
Na jawo fitila kusa.
Iya Sikira, kwando goma sha huɗu, saura kuɗin shida.