Kufai a Hawa na Uku

Ran Talata saƙon ya faɗo wayoyinmu,
muna wanke tsingaro a ɗakin aikinmu,
ruwan Hull na dukan gilashin tagarmu.
Dokta Pickersgill ta karanta, ta dube mu,
ta cire tabarau, ta sunkuyar da kai ƙasa.

Ba su ce rufewa ba, sun ce garambawul,
kalma mai santsi kamar sabulun otal.
Malamai sha ɗaya, kujeru huɗu rak,
kowa ya rubuto takardar neman aikin
da yake yi tun kafin a yaye ni.
Ashe gyaran gangar Auzinawa ya iso wannan ƙasa.

Alwyn mai kula da ɗakin ƙasusuwa,
shekara ashirin da shida yana gogewa
da buroshin haƙori, yana jerawa,
ya san kowane muƙamuƙi da ramin da ya fito.
An ba shi kati, da kek, da albashin wata uku.
Ya nuna mini akwatunan, ya ce, "Asabe,
waɗannan sun fi mu sa'a,
su sai da suka mutu aka sa su ƙasa."

Ni daga Turunku na zo da gutsattsarin tukwane,
cikin gwangwanin madara, da takardar izini,
in tambaye su shekarunsu, da hannun da ya gina su.
Baba kan ce a waya, yana dariya,
"Har yanzu tonon kike?
Ko gyaɗa in an tona ta takan biya."
Ban gaya masa ba tukuna.
Malamata za ta tafi a Yuli, bizata a Satumba,
babi biyu na nan ko layi ban sa ƙasa.

Mun fito da kwalaye, mu arba'in da uku,
ruwa ya wanke tawadar kafin azahar.
Wani mai kwat ya kira mu ciki, ya ba mu shayi,
ya haska bango da jan layi mai gangara.
Ya ce shi ma yana son tarihi ƙwarai,
amma lambobi ne suka yi ƙasa.

Niamh, 'yar shekarar farko, da bashin karatu a wuya,
an mai da ita sashen yawon buɗe ido.
Da dare tana jera gwangwanaye a kanti,
cokalin tononta na cikin jaka har yau,
bakinsa bai ko ɗanɗana ƙasa.

Sabon mai duba aikina mutumin kirki ne.
Ya tambaye ni ko akwai otal a Turunku.

An koya mana karanta bangon rami:
toka na nufin gobara, yashi ambaliya,
siririn layin da babu komai a cikinsa
shi ne lokacin da mutane suka tashi shiru.
Jiya na hau hawa na uku na gan shi da idona:
zoben kofi a kan tebur, ƙusar da allo ya bari,
buroshin Alwyn a bayan bututun ɗumi.
Kufai ne, tun ba a rufe shi da ƙasa.

Ƙasusuwan na sito kusa da tashar jiragen ruwa,
lambobinsu na littafin da ba mai buɗewa.

Yau da safe Dokta ta aiko mini hoto.
Ta ce ta bar wannan sana'a har abada,
dankali take shukawa a bayan gida.
Ga guntun lofen yumɓu a kan farar takarda,
ga rula a gefensa, ga kwanan wata,
ga zurfin da ta same shi, ta auna daidai.
Na daɗe ina kallon farcenta a gefen hoton,
baƙi ƙirin da ƙasa.