Kyamara Biyu a Rumfar Naino

A rumfar Naino mai gyaran agogo,
bayan tashar Madarumfa, inda ƴan kabu-kabu ke shan inuwa,
kyamara biyu na kwance kan tsumma ɗaya.
Duk biyun sun girme ni.
Duk biyun fim suke ci, talatin da shida, ba gyara.

Ta farko ƙarfe ce zalla, nauyinta kamar dutsen guga.
Gefenta ya goge har tagulla ta leƙo
inda babban yatsan wani ya yi shekaru yana zama.
Na ja hannunta, ta ce ƙirrr,
na danna, ta ce ƙas,
kamar an ɓare goro a ɗakin da ba kowa.
Ba ta shan batir.
Ba ta kuma gaya maka komai,
kai za ka dubi sama ka auna rana da idonka,
kamar yadda Inna ke auna gishiri ba cokali.

Ta biyu baƙar roba ce, marar nauyi,
da ɗan jan haske a ciki mai ƙifta maka ido.
Ita ke lissafin inuwa, ita ke lissafin rana,
naka dai ka tsaya da kyau ka riƙe numfashi.
Abincinta ƙwaya biyu, ƙanana kamar maɓallin riga,
ran da suka ƙare a Dakoro ko a Gidan Rumji
sai ka rataya ta a wuya kamar laya.

Naino ya cire madubin idonsa ya hura.
Ya ce, wannan ta ƙarfen, in ta yi ciwo kawo ta,
haƙora ne da sifirin, na san yarensu.
Waccan kuwa na taɓa buɗe ƴar'uwarta,
wayoyi sirara kamar gemun masara,
na rufe, na ce wa mai ita ya yi haƙuri.

Zuciyata tuni ta zauna kan ta ƙarfen.
Na ga kaina da furfura ina ja mata hannu,
na ga jikana yana tambaya, wannan fa?

Na ce, wata nawa mutum ke yi kafin ya san haske?
Ya ce, fim biyar za ka ƙona, in kana da kai.
Kowane sai ya je Yamai ya dawo
kafin ka ga inda ka yi kuskure.

Fim biyar.
Na lissafa da mota, na lissafa da albashi,
lissafin ya kai ni bayan kaka.

Baba yana majema tun kafin a haife ni.
Fatar jar akuya ta san hannunsa,
bagaruwa ta rina shi har gwiwar hannu, rinin da ba ya fita.
Tun azumi yake tari.
Ran Talata likita ya ja ni gefe,
ya rage murya.
Ba mu da hotonsa sai na katin ɗan ƙasa,
wanda ya yi fuska kamar ana bin sa bashi.

Na tura ta ƙarfen gefe, a hankali, don kar ta ji.
Na ƙirga jikka ashirin da biyu,
na ƙara ɗaya da rabi na batir huɗu.
Na ce, ajiye min waccan, zan dawo.
Naino ya naɗe ta cikin tsumman ya yi dariya:
ban yi alkawari ba, yaro,
ni ma da batir nake aiki.

La'asar sakaliya na isa majema.
Warin ya tare ni tun daga bakin hanya, kamar kullum.
Baba ya ɗago daga ramin, fata na ɗiga a hannunsa,
rana ta bayan kansa, irin hasken da ban san sunansa ba.
Ya ce, to, me kake jira?
Jan hasken ya ƙifta.
Na riƙe numfashi.
Ƴar tagar da ke sama ta juya, ta nuna ɗaya.