Kwanon Toka Babu Toka

Ni ce Fumie, mai share ɗakin gilashi
a filin jirgin Osaka, dab da ƙofa ta goma sha tara.
Shekara ashirin da biyu ina kwashe abin da leɓe ya bari.
Da can toka nake kwasa, har ta shige mini ƙarƙashin farce.
Yanzu 'yan guntaye ne, gajeru kamar gaɓar yatsa,
ba su ƙone ba, sun dai gasu,
ɗakin na ƙaurin gugguru da aka manta a kan wuta.

Ban yi karatun ƙidaya ba,
amma kwanon nan littafina ne.

Da asuba namu ke fara zuwa,
maza masu baƙar kwat, daga talatin zuwa arba'in da 'yan kai,
kowa da 'yar na'urarsa a tafin hannu
kamar ƙwan da yake jira ya ƙyanƙyashe.
Da can da roƙon ashana ake buɗe gaisuwa,
baƙo ya kare wa baƙo iska da hannu.
Yanzu kowa na kallon ƙaramar fitilarsa,
yana jiran ta daina ƙiftawa.

Jirgin Seoul kan sauke samari masu gyararren gashi.
Wani ya ce mini, da gurgun Jafanancinsa,
matarsa ba ta son wari a labule.
Na ce: to, ƙirjinka fa?
Ya yi dariya, ya duba agogo.

Ornella ta Turin, duk wata uku sai ta biyo.
Na san guntunta tun ban ga fuskarta ba,
jan-baki kamar ɓawon barkono.
Na'ura a jaka, kwalin sigari a aljihu,
wannan ta ofis ce, in ji ta, waccan ta baƙin ciki.
Ba ta bar tsohuwar ba,
ta dai gina mata maƙwabciya.

Akwai ƙaton nan na Poland, Bogumil, mai gyaran injin jirgin ruwa,
ranar da cajinsa ya mutu
ya bi bango yana lalube da idon mai neman rijiya.
Akwai wanda ya zuƙa sau biyu a jere, ya shafa na'urar,
ya jefa ta a kwandona,
don inda za shi ba a shiga da ita.
Akwai Ba'amurkiyar da ta tsaya tana tambaya:
wannan kuma mene ne?

Tsoho Kuwahara, mai tura keken kaya,
har gobe da ashana yake.
Ya ce ƙarfen nan na masu albashi ne,
shi ba zai sa wa tabarsa caji kamar waya ba.
Shi kaɗai ke bar mini toka,
'yar kaɗan, kamar sa hannu.

Mijina Tokuji kwali biyu yake tashi da shi a yini.
Tarinsa ne agogonmu shekara tara,
har safiyar da muka makara.

Ɗanmu Naoyuki ya zo hutu da tasa, shuɗiya, mai sheƙi.
Ya ce, Mama, ba hayaƙi ba ne, tururi ne,
ba wuta, ba toka, duba hannuna.
Na duba. Yatsun fes, ba rawaya irin ta ubansa.
Wataƙila da sauƙi. Ban sani ba.
Masu farar riga ma ba su rufe bakin maganar ba.
Ni dai na ga yadda yake laluben aljihu
in an jima ba a tashi daga tebur ba,
laluben da na sani tun ina amarya.
An sauya wa tuwo suna, yunwar tana nan.

Kwanon tokar Tokuji na kan taga.
Na wanke shi, ina zuba maɓallai a ciki.
Jiya na tarar da guntu ɗaya a tsakiyarsu,
gajere, fari, da ɗan ɗumi.