Inabin da Ƙanƙara Ta Rage

Ranar Talata ƙanƙara ta sauko
ba ko sallama,
kowace ɗaya kamar ƙwan tattabara.
Kafin butar shayi ta tafasa
ta gama da gonar inabin kakata Araksi,
aikin wata biyar ya kwanta a laka.

Na tsaya cikin kuringa ina zagin gajimare.
Dutsen Ararat yana can da farar hularsa,
ko gezau,
kamar maƙwabcin da ya ji ihu ya gyara kwanciya.

Ita kuwa ta durƙusa,
gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya.
Nonon inabi bakwai ta samu.
Bakwai. Biyu ma da tabo.

A ƙauyenmu inabi ba ya shiga baki
sai ya je coci a tsakiyar Agusta
an sa masa albarka.
Ran Lahadi ta wanke kwando,
ta shimfiɗa farin ƙyallen da take ɓoyo a akwati,
ta ce, "Hovsep, ɗauki."

Na ce, "Kaka, dariya za a yi mana.
Gidan Mkrtich kwando shida za su kai,
ƙanƙara ta tsallake su kamar suna binta bashi.
Godiyar me za mu yi? Ta laka?"

Ba ta tanka ba sai da muka wuce famfo.
Tana haki ta ce,
"Shekarar da kakanka ya tafi gini Rasha
aka dawo mini da shi cikin katako,
na kai inabi.
Ina cizon leɓe na kai, amma na kai.
Kai kana ganin godiya rasit ce,
sai kaya sun cika a rubuta.
Ni igiyar guga na ɗauke ta.
In na sake ta don ruwa ya yi nisa,
gobe da me zan jawo?"

Cocin dutse ne, hayaƙin kyandir ya baƙanta bango.
Na tura kwandonmu can baya, bayan na kowa.
Ta sa sanda ta jawo shi gaba.

Ter Nerses ya ɗaga gicciye, muryarsa a dushe.
Ya tuna mana daren da Almasihu ya ɗauki gurasa,
mai sayar da shi yana zaune a gefe,
ya san gari zai waye da ƙusa,
duk da haka sai da ya yi godiya
kafin ya gutsuttsura.
Na sunkuyar da kai.
Ba tuba ba ne tukuna, kunya ce kawai.

Da aka gama sai aka juye duka wuri guda,
na mai shida da na mai bakwai,
har ba ka sanin na wane ne wanne.
Na ga ƙaramar 'yar Mkrtich
ta ɗauki mai tabon nan namu, na gane shi,
ta cika baki,
ruwan yana gangara mata a haɓa,
tana dariya da giɓin haƙori.

Ni ƙwaya ɗaya na ɗauka.
Da ɗan tsami.
Na daɗe ban haɗiye ba.

Bashin taki yana nan, bai ji wa'azi ba.
Kuringa sai ta shekara biyu kafin ta murmure.
Amma da dare, da ta yagi gurasa ta miƙo,
ta yi shiru tana kallona,
na buɗe baki,
kalmar ta cije kamar makulli mai tsatsa,
na murɗa, na sake murɗawa,
"Ubangiji, mun gode."

Ta ce, "Amin. Ci.
Gobe da asuba akwai yankan rassa."